Ƙarfen da Bai Yi Magana Ba

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da yake ba mu aron mutane, ya kuma karɓi abinsa ranar da ya so.

Yau kwana arba'in ke nan da muka kai Yaya makwancinsa. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma cikin mu bakwai ni kaɗai na rage. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ɗiyata ta biyu ce ke riƙe da alƙalami, ni baki kawai na kawo. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini, domin akwai maganar da ke yawo a unguwarmu Maamobi tun ranar rasuwar, kuma ni ce zan iya kwance ta.

Maganar ta guduma ce.

Yaya ya cika ranar Alhamis, bayan an fito sallar asuba. Kafin hantsi lungunmu ya cika, ko mai kura ba ya samun hanya. An jera benci, an kafa rumfa. Mutanen Nima sun zo, na New Town sun zo, tsofaffin Zongo Lane da suka san babanmu sun zo da sandunansu. Maƙwabciyarmu mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, 'yar Asante, ta kama hannuna biyu tana yi mini ta'aziyya da yarensu, tana cewa, "Due, Maame, due. Papa Adaka ya tafi." Haka suke kiransa, domin adaka yake yi, akwatin ƙarfen nan baƙi mai zanen jan wata da yara ke tafiya da shi makarantar kwana. Wata mata cikin farin kayan asibiti ta sauka daga tasi, direba na biye da ita ɗauke da tsohuwar adaka. Ta ajiye ta a bakin ƙofa, ta zauna a kai. Ta ce da ita ta yi makaranta, da ita 'yarta ta yi, kuma har yau murfin bai karkace ba. Aka ce to me ya sa kika ɗauko ta? Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Muna cikin haka, ana amsa gaisuwa ƙasa-ƙasa, sai ƙarar guduma ta taso daga shagon Yaya da ke bayan gida. Duka ɗaya, a tsaya, a sake wani. Masu tasbihi suka dakata.

Wani dattijo mutumin Nijar ya ce, "Wane marar kunya ne ke ƙira a gidan rasuwa?"

Wata daga bayan rumfa ta ce, "Babban ɗan ne. Shekara nawa bai taka shagon ba, yau mutum bai shiga ƙasa ba ya zo kama wuri."

Liman ya ɗago kai ya dube ni. Na ce, "Malam, a ƙyale shi. Aike aka bar masa."

Liman ya ƙyale, amma bakunan mutane ba su ƙyale ba. To ga yadda abin yake. Uban da ɗan sun yi shekara goma sha ɗaya ba su sa hannu a kwano ɗaya ba, kuma ni ce sanadi. Duk tsawon shekarun nan abu ɗaya nake roƙon Allah, kada ɗayansu ya bar duniya da wannan a tsakaninsu.

Bari in fara gaya muku ko wane ne Yaya.

Babanmu fataucin goro ya kawo shi nan Ankara, ya so Yaya ya gaje shi. Yaya ya ƙi goro, ya bi wani maƙeri da ke farke tsofaffin gangunan mai, ya buge su su miƙe, ya yi kurfoti, wato murhun gawayi, da bokiti. A nan ya koyi sauraron ƙarfe. Tun daga lokacin har ya tsufa, ba ya wuce abin ƙarfe bai ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa ba. Ƙofar masallaci, jikin trotro, motar hayarmu, tukunyata ta koko, har gadon asibitin da aka kwantar da shi. Zai ƙwanƙwasa, ya karkatar da kai, sannan ya yanke hukunci. "Wannan zai ga jikokinka." Ko kuwa, "Wannan damina biyu." Matarsa takan ce, "Ni ma da ya zo neman aurena, ƙwanƙwasa ni kawai ya rage." Shi kuma ya ce, "Na ƙwanƙwasa, ba ki ji ba ne. Tun ran nan na san ƙara za ta yi yawa."

Mutum ne da ba ya sauri. Cin abinci a hankali, tafiya a hankali, ko fushi sai ya kwana biyu kafin ya iso. Ni kuwa Auta yake kirana, wani lokaci ya ce Mai-gaggawa. Idan na shiga shagonsa ina magana tun daga ƙofa, sai ya ce, "Auta, zauna. Maganar ta riga ki isowa, bari ke ma ki iso."

Duk adakar da ya taɓa yi, idan ta dawo da ciwo, gyara ta yake yi ya mayar, ba ya karɓar komai. Ya ce abin da ya fito daga hannunsa ɗansa ne, ba a biyan uba don ya duba ɗansa. Yana gane nasa da alama. Kowane maƙeri a layinsu yana da tasa. Yaya ɗigo uku yake bugawa da bakin ƙusa a ƙarƙashin aiki. Babban ɗansa, wanda nake kira Mai-sunan-Baba, da ya gama koyo a hannunsa, sai Yaya ya tara maƙera, aka raba goro, ya miƙa masa guduma ya ce, "Naka ɗigo biyu ne." Wannan gudumar ita ce shaidar an yaye mutum.

Shekarar da babbar kwatar Nima ta cika ta shiga ɗakuna, an ga adakun Yaya suna yawo a kan ruwa kamar kwale-kwale. Da aka kamo su aka buɗe, takardun makaranta da zannuwan aure a bushe. Mutane suka zo yi masa godiya. Ya ce, "Ba ni ba ne. Fallen ne mai kyau."

Falle shi ne rayuwarsa, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfen da ake yankawa a lanƙwasa. Bai taɓa ƙetare teku ba, amma daga bakin direbobin tashar jirgin ruwa ta Tema da ma'aikatan jirgin ruwa da rediyonsa ya haɗa labarin duniya. Yakan ce mini, "Auta, mu nan muna narka tsohon ƙarfe mu yi rodin gini. Amma falle, wanda ake murzawa har ya kwanta sumul, wannan sai ƙetare. Naɗe yake zuwa kamar tabarma, namu yankawa kawai." Ya ce a can akwai gidajen wuta da ba a kashe su dare da rana, domin idan suka huce tayar da su aiki ne. Don haka murzawa suke yi ko ana so ko ba a so, har ya fi ƙarfin mutanen ƙasarsu. Na ce ban gane ba. Ya ce, "Ke mai koko ce. Idan kin dama tukunya goma alhali unguwarki biyar take sha, me za ki yi?" Na ce in bi lungu-lungu. Ya ce, "To mu ne lungun."

Ya ga zamanin fallen Japan, ya ga na wajen Rasha, ya ga na Indiya, ya ga na Sin. Ya ce kowace ƙasa da muryarta. Kuma bai taɓa zagin ko ɗaya ba. Ya ce duk suna yin mai kauri, suna yin marar kauri, mai saye ne ke zaɓa. A can da nauyi ake saye, a nan da ɗai-ɗai ake sayarwa, saboda haka ɗan kasuwa ya fi son sirara, su fi yawa a naɗi guda. Da kaya suka yi yawa a duniya, sai sirara suka mamaye kasuwa, masu ƙyalli kamar madubi. Mai kauri ya ɓuya. Maƙera suka koma sirara, domin ita mutane ke iya saye. Yaya ya rage aiki, bai koma ba.

To a nan ni na shigo.

Bayan koko, ina da wani aiki. Tun ina da shekara arba'in tsofaffin unguwa suka ja ni cikin masu wankan gawar mata. Aiki ne na shiru. Abin da ka gani ba ka faɗa, kuma mamaciya ana juya ta a hankali kamar jinjira mai barci. A wancan lokacin kan tsohon ƙyauren katako muke yi, a ɗora shi kan bulo huɗu a ɗan ɗakin da ke bayan masallaci. Ruwa ya sha shi shekara da shekaru. Wata rana muna juya wata baiwar Allah, katakon ya tsage a ƙarƙashinta. Da gwiwata na tare ta. Ba wanda ya sani sai mu uku da ke ciki.

Na je wurin Yaya na ce ya yi mana teburin wanka na ƙarfe. Ya saurare ni har na gama. Ya tambayi tsawo, ya tambayi ta ina muke tsayawa, ta ina ruwa ke bi. Sannan ya ce, "Bismillah. Na karɓa." A wurin maƙera, aikin da ubangida ya yi wa bismillah nasa ne, ba mai taɓawa ko da shekara za ta zagayo. Na san da haka. Kada a ce ban sani ba.

Wata uku, shiru. Wata shida, shiru. Duk sanda na tambaya, sai ya ce bai sami falle ba. Yakan hau trotro ya tafi Tema, ya yini yana ƙwanƙwasa, ya dawo hannu biyu. Shekara ta cika, ta biyu ta kama. Mu kuwa muna ɗaure katako da waya. Ran nan na shiga shagonsa a fusace, na nuna masa tulin falle a shagon maƙwabcinsa.

Na ce, "Yaya, ga ƙarfe nan har ya yi wa mutane yawa. Kai da bakinka ka ce duniya ta rasa inda za ta kai shi."

Ya ce, "Yawa daban, kauri daban."

Na ce, "Mata na mutuwa, kai kana yawo kana sauraron kiɗa."

Ya ajiye almakashinsa. Ya ce, "Auta, ƙarfen da zai ɗauki mamaci, ba a so ya yi magana."

Na ɗauka irin zancensa ne na tsofaffi. Na fita ban yi sallama ba. A bakin lungu na tarar da Mai-sunan-Baba, lokacin magidanci ne da 'ya'ya biyu, yana aiki tare da ubansa. Na ja shi gefe, na yi masa kuka, na gaya masa abin da ya faru da katako, abin da bai kamata in faɗa ba. Ya ce, "Gwaggo, Baba ya yi bismillah a kai." Na ce, "Ni gwaggonka ce, ni na goya ka. Ba sai ya sani ba." Kwana biyu ya yi a shagon abokinsa, ya kawo mana tebur mai ƙyalli, har muna ganin fuskokinmu a ciki. Muka yi ta sa masa albarka.

Wadda aka fara kawowa tsohuwa ce mai mutunci, malamar mata, 'ya'yanta na zaune a bayan labule. Muka ɗaga ta mu huɗu, muka sauke a hankali. Ƙarfen ya lotsa, ya yi wata irin ƙara kamar an buga ganga. Muka juya ta dama, ya sake. Muka juya ta hagu, ya sake. Babbar 'yarta ta ɗaga murya daga waje tana kuka. "Me kuke yi wa Mma? Kun yar da ita ne?" Muka ce ba komai, amma wa zai yarda? Muka gama wankan nan ɗaya na danne ƙarfe da tafin hannu, sauran na zuba ruwa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. A lokacin na gane maganar Yaya.

Labari ya isa gare shi kafin magariba. Washegari ya je ɗakin wanka, ya ƙwanƙwasa teburin, ya kifa shi. Ɗigo biyu na nan a ƙarƙashi. Yaron kirki, ko aikin ɓoye bai iya barinsa ba alama ba.

Ina nan a tsakar gida da ya kira Mai-sunan-Baba. Ya ce, "Aikin da na yi wa bismillah ka bi ta bayana ka ɗauka."

Mai-sunan-Baba ya ce, "Baba, mata na wanka a kan ruɓaɓɓen katako, kai kana jiran ƙarfen Aljanna. Shekara biyu fa."

Yaya ya ce, "A kan katako ka yi gaskiya. A kan ƙarfe ka san abin da ka yi. Kawo guduma."

Na faɗa tsakani na ce laifina ne, ni na tilasta shi. Yaya ya ce, "Ke ba maƙeriya ba ce, Auta. Ke gaggawa kika yi. Shi ya san muryar fallen nan tun kafin ya yanka."

Ɗan ya kawo gudumar ya ajiye a gabansa. Kafin wata ya ƙare ya kwashe iyalinsa ya koma unguwar Malam, can bakin hanyar Winneba, ya buɗe shagon walda, yana yin ƙofofi da kantunan ƙarfe. Allah ya buɗa masa. Ba a ce sun daina gaisawa ba. Da sallah yakan zo, ya durƙusa, uban ya amsa. Yakan aiko da buhun shinkafa, uban ya ce an gode. Amma shago bai ƙara takawa ba, kwano kuma ba su ƙara haɗawa ba. A al'adarsu wanda aka karɓe wa guduma shi ke zuwa da goro da dattijo ya nemi a mayar masa. Ɗan ya ce bai ga laifin da ya yi ba don ya taimaki gwaggonsa. Uban ya ce ubangida ba ya bin yaro da guduma. Ni ina tsakiya, in je nan a ce "Gwaggo bar maganar", in je can a ce "Auta zauna".

Zan faɗi gaskiya ko da a kan mamaci ne, domin shi ma ba ya son a shafa wa tsatsa fenti. Yaya ya yi taurin kai. Da ya yi mana ko da na wucin gadi ne, da duk wannan bai faru ba. Amma abin da ya yi bayan nan, shi nake so a riƙe.

Bayan kamar wata takwas, wani direba ya gaya masa an sauke ragowar wani naɗi mai kauri a Tema, na masu yin tankunan ruwa. Ya tafi da sassafe, ya dawo da la'asar a bayan motar kaya, zaune a kan falle biyu kamar wanda ya ɗauko amarya. Mutum huɗu suka sauke kowanne. Ɗaya ya jingine a bayan ƙofar shago, ya rufe da buhu. Ɗayan ya yi wata guda a kansa.

Ranar da aka kawo teburin ɗakin wanka, ya ce in zo. Ba ƙyalli, fari-fari ne kamar toka. Ya kama hannuna ya bi da shi ta gefe. Ya naɗe bakin sau biyu, ko zare ba zai kama ba, balle yatsan mai wanka. Ya ɗan karkata shi, ruwa na gangarawa ta wajen ƙafa ya fita ta bututu, ba ya komawa ƙarƙashin mamaciya. Tsayinsa daidai ƙuguna, domin ya san ina ciwon baya. Sannan wannan dattijo ya tuɓe takalmi, ya hau, ya miƙe, ya rufe ido.

Ya ce, "Juya ni."

Na ce, "Yaya, Allah ya kiyaye, sauka."

Ya ce, "Juya ni, Mai-gaggawa, ba yau ba ne."

Na juya shi dama, na juya shi hagu. Shiru. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Kin ji wani abu?" Na ce a'a. Ya ce, "To shi ke nan." Ya sa takalminsa ya fita.

Shekara goma ke nan muna wanke matan Maamobi a kan teburin nan, iskar teku ba ta ci shi ba. Uwayen da yawa daga cikin masu karanta wannan a kansa muka sallame su, cikin sutura, ba wanda ya ji motsinsu. Wannan kyautar Yaya ce, ko da ba ku sani ba.

Maza kuwa suka ci gaba da nasu katakon. Liman ya yi ta tambaya, ina na maza? Yaya ya haɗa ƙafafun, ya yanke fallen na biyu, ya ja layukan lanƙwasa, sai ya tsaya. Ya mayar da shi bayan ƙofa. Maƙera suka ce su ƙarasa masa, ya ƙi. Idan aka matsa, ya ce, "Mai shi zai zo." Mutane suka ɗauka tsufa ne. Daga baya kuma hannunsa ya fara rawa da gaske, ido ya yi rauni, shago ya koma wurin zama da sauraron rediyo.

Da ciwo ya kwantar da shi a wannan shekara, ranar wata Lahadi na kai masa koko. Ya sha kaɗan. Ya ce, "Auta, idan ya zo, ki kai shi bayan ƙofa." Na ce, "Me zai hana ka kira shi ka gaya masa da bakinka?" Ya juya fuska bango.

Washegari na hau trotro har Malam, da ƙafafun nan nawa. Na same shi cikin tartsatsin walda. Na ce, "Mai-sunan-Baba, ni na ɓata, ni na zo gyarawa. Ubanka ba zai daɗe ba. Ga goro na saya, ni ce dattijuwarka, tashi mu je." Ya cire gilashin fuskarsa, ya daɗe yana kallon goron. Shi ma furfura ta fara fito masa. Ya ce, "Gwaggo, zan zo. Bari in sallami aikin mutane. Juma'a bayan masallaci, in sha Allah." Na dawo da murna na gaya wa Yaya. Ya ce, "Juma'a." Ya ɗan yi murmushi. "Ashe shi ma ya koyi rashin sauri."

Alhamis da asuba Allah ya karɓi abinsa.

Mai-sunan-Baba ya iso da hantsi, goron na cikin aljihunsa. Ya shiga ya ga ubansa a lulluɓe, ya fito ya tsaya a jikin bango, ko hawaye babu. Da na matso ya ce, "Gwaggo, kwana ɗaya. Ya tafi yana fushi da ni." Ni ma a lokacin haka na ɗauka, na ce a raina addu'ata ta shekara goma sha ɗaya ba ta karɓu ba. Amma an ba ni saƙo. Na kama hannunsa na ja shi shago.

Muka ture ƙofa, muka yaye buhu. Fallen na nan da layukansa, ƙafafun na gefe. A ƙasa kuma wani ƙunshi cikin tsohon rawani. Ya kwance. Gudumarsa ce, an shafe ta da mai, ko ɗigon tsatsa babu. Ya ɗauke ta. Sai ya yi abin da duk maƙeri ke yi, ya ƙwanƙwasa fallen, ya jawo shi ya leƙa bayansa. Na ga ya durƙusa.

A kusurwa akwai ɗigo uku. Kusa da su, ɗigo biyu.

Ya shafa su da yatsa. Ya ce, "Gwaggo, dubi cikin ramukan." Na ce idona ba ya gani. Ya ce, "Sun yi baƙi, tsatsa ta zauna a ciki. Wannan ba bugun bana ba ne, ba na bara ba. Tun ranar da ya kawo fallen ya buga su." Sai a lokacin kuka ya zo masa. Maƙeri ba ya buga alamar wanda ya kora. Shekara goma sunan ɗansa na jingine a bayan ƙofa, kusa da nasa, yana jiran ya zo ya gani.

Ya share fuska ya ce, "Yaushe ne jana'iza?" Na ce sai bayan la'asar, ana neman takardar izinin binnewa. Ya tuɓe riga, ya ce in turo masa maƙera biyu su riƙe masa.

Wannan ita ce gudumar da kuka ji, jama'ar Maamobi. Ba gado yake nema ba. Aikin da ubansa ya yi wa bismillah yake ƙarasawa, da izinin mai shi.

Bayan azahar suka fito da teburin mutum huɗu, suka ratsa ta cikin masu zaman makoki. Dattijon nan na Nijar ya miƙa hannu ya shafa bakin, ya ji an naɗe shi sau biyu, ya sunkuyar da kai. Aka kai ɗakin wanka, aka fitar da tsohon katako. Aka ɗauko Yaya. Liman ya shiga, Mai-sunan-Baba ya shiga.

Ni mace ce, ba ni da shiga. Na ɗauki kujerata na zauna a jikin bangon ɗakin, na jingina kunne. Shekara talatin da wani abu ina cikin irin ɗakin nan, na san kowane motsi. Na san lokacin da suka ɗaga shi, na san lokacin da suka sauke. Na san lokacin da suka juya shi dama, na san lokacin da suka juya shi hagu.

Ruwa kawai na ji yana sauka ta bututu.

Da aka gama, Mai-sunan-Baba ya fito, hannun rigarsa a jiƙe, ƙamshin kafur na binsa. Ya tsuguna a gabana ya ce, "Gwaggo, bai yi magana ba."

Na ce, "Na ji."

Yaya, na gode. Na gode da teburin mata, na gode da ba ka taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya, na gode da ka sauke mini kayan da na ɗora wa kaina. Allah ya yafe maka taurin kanka, ya yafe mini gaggawata. Yadda ka rufa wa matattunmu asiri, Allah ya rufa maka naka. Ya yalwata maka kabari, ya sa ƙasa ta yi maka laushi, ya haɗa ka da Inna da Baba cikin rahama. Mu da muka rage, idan tamu ta zo, Allah ya sa a juya mu a hankali. Amin.